Goran Iri daga Dutsen Eggon

Ruwan farko na bana da ƙanƙara ya zo. Ina cikin aji ina koyarwa, sai muka ji kamar ana watsa tsakuwa a kan kwanon rufi. Kafin in ce kowa ya zauna, rabin ajin sun fice baranda, suna tsintar ta suna jefawa a baki suna ihu. Ban tsawata musu ba. Na tsaya a bakin taga da alli a hannuna, tafin ƙafata ya ɗauki wani sanyi da na sani, alhali ina sanye da takalmi. Shekara goma sha biyu ke nan, amma ƙafata ba ta manta ba.

A wancan lokacin ina aji biyar na sakandare, Lafiya ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba. Gari ya cika da baƙin ma'aikata masu neman ɗakin haya, amma mu rayuwarmu tana nan yadda take. Baba tela ne a bakin kasuwa, abin da muke ci kuwa daga gonarsa yake fitowa, can gaba da Shabu. Gonar ta yi iyaka da ta Baba Akolo, mutumin Eggon, mahaifin ƙawata Awazi. Benci ɗaya muke zama ni da ita tun aji ɗaya. Ta ukunmu Asabe ce, 'yar Keana, wadda uwarta ke dafa ƙasa ta fitar da gishiri ta kawo kasuwa. Asabe ce ta laƙaba mini suna Hajiya Gajimare, wai ko magana ake yi da ni idona yana sama.

Bazarar shekarar ta yi tsawo. Rijiyar gidanmu ta ƙafe tun mangwaro bai nuna ba, guga ya riƙa dawowa da laka. Da zarar an idar da sallar asuba, ni da ƙannena mata biyu mu ɗauki bokitai mu nufi rafi, mu tona yashi, mu zauna jiran ruwa ya tsattsafo mu kwarfa da ƙoƙo. Inna ta jefa alif a randa ya kwanta kafin a sha. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi a wanke kwanuka, wanda aka wanke kwanuka a ba awaki. Yanzu akwai famfon burtsatse a bakin layinmu, yara na wasa da ruwansa suna watsa wa juna, ni kuwa har yau ba na iya zubar da ragowar ruwan kofi a ƙasa.

Sai ga ruwa wata rana da la'asar, mai ƙarfi, har ƙasa ta tashi da ƙamshinta. Washegari kowa ya fita shuka. Gero ya tsiro, siriri, kore shar. Daga nan sama ta yi shiru har mako uku. Tsiron ya murɗe, ya koma launin toka, ya kwanta. Aka sake samun wani yayyafi, Baba ya ce wannan kam damina ce ta sauka, ya zuba sauran irin da ya rage. Shi ma rana ta cinye shi. Ciyawar da aka ɗora wa kunyoyin doya a ka ta bushe har tana karyewa a hannu.

Mu a nan gero shi ke tsallakar da gida watan takwas, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, doya ba ta yi ba, dawa kuma sai bayan ɗaukewar ruwa. Gidan da ya rasa gero zai san tsawon damina. Ga iri ya ƙare, ga lokaci yana tafiya. Ko an samu irin da muka saba, ba lallai ya nuna a kan kari ba. Maza suka fita filin idi roƙon ruwa. Su Awazi ma suka yi azumin kwana uku a cocinsu.

"Ku kun roƙa, mu mun roƙa," in ji ta a hanyar makaranta. "Ina ga layi ne ya yi tsawo a sama, kamar na kananzir."

Baba Akolo ne ya kawo shawara, wata Asabar suna zaune da Baba a ƙarƙashin ɗorawar da ke kan iyakar gonakinsu, ni kuma na kawo musu kunu. Ya ce mahaifiyarsa, da ke zaune can saman dutse, tana da wani jan gero mai saurin nuna, wata biyu da 'yan kwanaki an yanka.

"Amma tsohuwar tana da ka'ida, Malam," ya ce. "Ba ta sayarwa, ba ta ba namiji, ba ta ba ɗan aike. Ni ɗanta ma ba ta ba ni. Sai macen gidan da za a shuka ta hau da ƙafarta ta karɓa hannu da hannu. In an girbe kuma a mayar mata da iri."

Inna tana fama da gwiwa, ko dokin ƙofa da kyar take tsallakawa. Baba ya juyo ya dube ni. Sunan mahaifiyarsa nake da shi, Safiya, don haka ba ya faɗinsa.

"Uwata, za ki iya?"

Na ce zan iya, tun bai rufe baki ba. Gaskiya ba yunwar watan takwas ce a raina ba a lokacin. Tun ina ƙarama nake hango duwatsun nan daga gonarmu, shuɗaye, a jere kamar raƙuma a durƙushe, na cika bayan littafin lissafina da baitoci a kansu. Yau ga shi an ce in je.

Hutu ake yi, don haka mu uku muka tafi. Asabe ta ɗauko ƙullin gishirin Keana daga wurin uwarta, don ba a zuwa wurin tsohuwa hannu rabbana. Muka shiga bayan wata a-kori-kura mai zuwa Akwanga, muka sauka a gindin dutsen da hantsi. Daga nan sai ƙafa.

Daga nesa dutsen santsi gare shi, kamar a shafa. Da muka shiga cikinsa sai na ga duk ƙaya ne da tsakuwa da faifan duwatsu masu zafi kamar tanda. Awazi na gaba, tana tsalle daga wannan zuwa wancan kamar akuya. Asabe na tsakiya tana mita. Ni ce a baya, don duk taku goma sai na juya na kalli ƙasa.

"Hajiya Gajimare, abeg, ki taho!" Asabe ta ƙwala. "Iri aka aiko ki, ba a ce ki ƙirgo gidajen Lafiya ba."

"Ki bar ta," in ji Awazi. "In ta faɗi, ke za ki goya ta. Ku mutanen gishiri ai kun saba da kaya."

"Mu dai ba mu gina gida a inda sai biri ke kai ziyara ba."

Da azahar muka isa. Ƙauyen ya ba ni mamaki da shirunsa. Ɗakuna da yawa rufinsu ya faɗa ciki, masu su sun daɗe da sauka bakin titi, inda ake samun mota da asibiti da makaranta. 'Yan tsofaffin da suka rage kuwa sun koma masara. Gonar kakar Awazi tana gefen gangare, 'yan filaye ƙanana hawa-hawa kamar matakala, kowane an tare shi da katangar duwatsu don kada ruwa ya tafi da ƙasar. Can sama raɓa tana sauka sosai, don haka geronta ya tsiro, ya kai tsawon yatsa.

Ita kanta 'yar ƙaramar tsohuwa ce, busasshiya, da idanu masu haske. Muka durƙusa muka gaishe ta, Kaka. Hausarta irin ta tsofaffin dutse ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. Ta lashi gishirin da ɗan yatsa, ta gyaɗa kai, sannan ta kama hannuna ta juya tafin.

"Wannan hannu bai san fartanya ba."

"Biro ya sani, Kaka," in ji Asabe.

"To. Ko biro ne, zai iya riƙe gora."

Muka kwana a can. Da safe ta shiga rumbunta ita kaɗai, ta hana mu leƙawa. Ta fito da gora mai dogon wuya, ta riga ta zuba irin ta gauraya da toka saboda ƙwari. A gabanmu ta toshe bakin da totuwar masara, ta narka kakin zuma a kasko ta liƙe kewayen tsaf. Ta kaɗa shi kusa da kunnena. Ya yi wani sauti mai laushi, shaaa, kamar ruwa yana tahowa daga nesa.

"Ka ji? In yana magana, yana da rai. Wannan gero uwana ya ba ni, shi ma uwansa ya ba shi. Rabi na shuka, ga shi can. Rabi yana hannunka. Babu wani a dutsen nan mai shi kuma. Kada ka buɗe sai a bakin rami. Ka ji?"

"Na ji, Kaka."

Ta faɗi sunansa da yarensu. Na maimaita, suka yi mini dariya ita da Awazi. Ban rubuta shi ba, ni mai rubuta komai, yau kuma ya ɓace mini.

Na goya goran da zane kamar jariri, wuyansa yana taɓa ƙeyata. Mun yi kusan rabin saukowa muka iso wani shimfiɗaɗɗen dutse, inda ake ganin ƙasa gaba ɗaya a shimfiɗe, titi kamar zare, rufin kwano yana ƙyalli can wajen Shabu. Iska ta tsaya cik, zafi ya yi nauyi. Daga gabas hadari ya haɗo, baƙi ƙirin, ƙasansa kuma wani irin kore-kore da ban taɓa gani ba. Su Awazi suka hango gwandar daji ta nuna a cikin wani kwari, suka ce in jira su. Na kwance goyon na zauna.

Ban san me ya shiga kaina ba. Ko kuwa na sani: so nake in ga abin da ke yin wannan sautin. Geron da ya fi kakar Awazi shekaru, a ce na ɗauko shi tun daga saman dutse ban ga fuskarsa ba? Na ce a raina kallo ɗaya ne, in mayar. Na zaro murfin birona na ɓantare kakin kaɗan-kaɗan, na murɗa totuwar ta fita. Na zuba kaɗan a tafin hannuna, na hure tokar. Ƙwayoyin ƙanana ne, ja mai duhu kamar garwashin da ya kusa mutuwa, kowace da ɗan farin ɗigo a gindinta. Na daɗe ina kallo. Na mayar da su, ina cikin cusa totuwar ke nan iskar ta iso.

Ba ta fara a hankali ba. Gaba ɗaya ta buge ni, ta fizge ɗankwalina ta yi sama da shi. Na ɗaure goran a baya da gaggawa. Su Awazi suka fito daga kwarin da gudu, bakin Awazi yana motsi amma ba na jin komai. Sai ƙanƙara. Ta farko ta same ni a goshi, na ɗauka jifata aka yi. Nan da nan ta ɓarke, manya kamar gurjiya, wasu kamar ƙwan zabuwa, suna dukan dutse suna tsalle. Ba a iya tsayuwa. Muka durƙusa muka riƙa rarrafe, Awazi a gaba, Asabe riƙe da zanenta, ni riƙe da na Asabe. Duk lokacin da iskar ta sake bugowa sai mu kwanta mu manne da dutse har ta wuce. Asabe na salati, Awazi na kiran Yesu, ni ko bakina na kasa buɗewa.

Hanyar ta bi ta wani lungu tsakanin manyan duwatsu biyu, iska ta tara ƙanƙarar a nan har ta haura idon sawu. Silifas ɗina ya riga ya tafi. Na taka cikinta da ƙafa tsirara. Da farko zafi na ji kamar wuta, daga baya na daina jin ƙafar gaba ɗaya, kamar ta wani nake ja. Ko'ina fari fat, ganyayen da aka kakkaɓo kore a kai. Ina tuna cewa a cikin wannan tsoro ma wani ɓangare na zuciyata yana cewa, kai, dubi kyau. A nan santsi ya kwashe ni na faɗi ta gefe, cikin ruwan da ke gangarowa.

Da na miƙe na kai hannu ƙeyata, sai na ji bakin goran a buɗe. Totuwar tana yawo a wani ɗan gurbi kusa da gwiwata. Su Awazi sun riga sun shige ƙarƙashin wani dutse mai baki kamar rumfa. Na juya musu baya, na karkata goran, ruwan toka ya zubo baƙi-baƙi. Na cusa totuwar da ƙarfi, na naɗe wuyan da gefen zane, na bi su.

Muka takure a wurin muna karkarwa, haƙora na haɗuwa. Awazi ta kama ƙafafuna ta cusa a cikinta tana murzawa.

"Kaya yana lafiya?" ta tambaye ni.

"Lafiya lau."

Asabe ta leƙa waje ta ga farin da ya rufe ƙasa. "Wallahi da gishiri ne wannan, da Mama ta huta da dafa ƙasa." Muka yi dariya har da hawaye, irin dariyar waɗanda suka tsira. Can sama, wajen ƙauyen, muna jin wani ruri kamar ana mirgina duwatsu, ba mu kula ba.

Kafin magariba muka iso gida. Inna ta dafa ruwa ta gasa mini ƙafa, tana ta sa mini albarka. Baba ya miƙo hannu zai karɓi goran, na ce Kaka ta ce kada a taɓa shi sai a bakin rami. Rabin gaskiya ne, ya kuwa yarda. Ni da kaina na rataye shi a ɗakin hatsi, a naɗe cikin zanen. Kafin in fito na kaɗa shi a kunnena. Bai ce komai ba.

Da a ce washegari aka shuka, da ba abin da zai faru; jiƙaƙƙen iri ai tsirowa yake yi. Amma sau biyu ruwa ya yaudari Baba, ya ce ba za a yi na uku ba. Sai an ƙara ruwa biyu masu kyau, sai ya tona ƙasa ya ji laima har gwiwar hannu. Aka sa ranar gayya, kwana shida a gaba.

Na san abin da ya kamata a yi. Mun karanta shi a darasin noma, na ma ci jarrabawar da kyau. A zazzage shi a tabarma, a baza a inuwa ya sha iska, ko a kai shi gona a ranar. Magana ɗaya ce zan faɗa. Rana ta biyu na shiga madafa da niyyar faɗa wa Inna, na tarar da ita da maƙwabciyarmu tana ba ta labari.

"Ke dai bari. Yarinyar nan da muke cewa ba ta da amfani sai karatu, ita ce ta hau dutse cikin ƙanƙara, ba takalmi, ta kawo mana abin da za mu ci. Ga ta nan. Safiya, nuna mata goshin."

Na nuna goshin. Na ɗauki tsintsiya na fita.

Kowace safiya sai na shiga ɗakin hatsi na kaɗa shi, ko Allah zai sa ya bushe da kansa. Rana ta uku na ji goran da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Rana ta huɗu ya fara tsami. Na ƙara masa wani zanen. Ruwa kuwa ya sauka sosai, sau biyu, kwaɗi suka cika unguwa da kuka, rijiyarmu ta kawo. Kowa a gidan fuskarsa ta saki, ban da ni. Inna ta ɗauka sanyin dutse ne bai sake ni ba.

Ranar gayya tun da sassafe aka ɗora tukwane. Inna ta kwashe kusan ƙarshen dawar da ke rumbu ta dama kunu, aka yi ɗanwake da garin rogo. Maƙwabtanmu na gona suka zo, Baba Akolo ya zo da 'yan'uwansa da matansu, Awazi a cikinsu. Maza suka jeru da sungumi suna sara ramuka, taku ɗaya sara ɗaya, suna waƙa ana amsawa. Mu mata muka tsaya a bakin gona da ƙoƙuna, muna jiran a zuba mana iri mu bi bayansu muna jefawa muna rufewa da diddige. Ƙasa baƙa, mai laushi, tana shiga tsakanin yatsun ƙafa. Ban taɓa ganin safiya mai kyau kamar wannan ba.

Baba ya karɓi goran, ya kwance zannuwan, ya yi bismillah ya zare totuwar. Ya karkata shi a kan ƙoƙon Awazi. Ba abin da ya fito. Ya bubbuga gindinsa. Wari ya tashi. Ya ajiye shi a ƙasa ya fasa da ƙotar fartanya. Abin da ke ciki ya fito a dunƙule da siffar goran, baƙi da kore, fararen saiwoyi sun sarƙe shi, sun riga sun ruɓe.

Waƙar ta tsaya daga wannan bakin gona zuwa wancan. Wani maƙwabcinmu, mai saurin baki, ya leƙo ya toshe hanci.

"Malam, ai an yi maka sakiyar dutse. Wanda ya ruɓe musu tun bara suka ɗura maka, suka karɓe gishiri."

Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Shirun nan nasa ya fi maganar muni. Baba Akolo ya dubi Baba, ya jira. Da ya ga ba zai yi magana ba, sai ya saɓa sunguminsa, ya ce wa mutanensa wani abu da yarensu, suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taɓa kunun. Awazi ce ta ƙarshe. Ta tsuguna ta ɗauki wuyan goran da ya fashe, ta shafa bakin da babban yatsa, inda kaki ya kamata ya kasance. Ta ɗago ta dube ni. Na kalli ƙafafuna. Ta ajiye shi a hankali ta tafi.

Dawa aka zuba a ramukan, wadda ba za ta nuna ba sai ruwa ya ɗauke. Damina kuwa da ta zauna sai ta zauna da gaske. Watan bakwai muka koma ci sau biyu, watan takwas sau ɗaya, da la'asar, tuwon alabo, garin busasshen rogo, da miyar karkashi ba mai ba kifi. Da safe ruwan kunu, wanda kana iya ganin gindin kofi ta cikinsa. Muka riƙa fita bayan gari tsinkar tafasa da rama, Inna ta dafa ta kwaɗa da ɗan ƙuli in an samu. Ruwa ya yi ta zuba kwana da kwanaki, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika gida, tufafi ba sa bushewa, komai yana warin laima. Ƙaramar ƙanwata ta daina wasa, sai ta zauna a dokin ƙofa tana kallon ruwan indararo. Inna kullum cewa take ta ci nata a madafa. Ni ke wanke tukunya, na san ba ta ci ba.

Baba da Baba Akolo suka koma gaisuwar ɗaga hannu daga nesa. Ba wanda ya ƙara zama a ƙarƙashin ɗorawar. Da aka koma makaranta Awazi ta ɗauke jakarta ta koma bencin baya. Ba ta faɗa wa kowa abin da yatsanta ya gano ba, ko mahaifinta. Jira take in faɗa da bakina. Asabe ta yi ta kai da kawowa tsakaninmu.

"Wai me ya haɗa ku ne? Ku biyun nan kun fi ciwon haƙori damuna."



Cikin watan tara, wata Lahadi da rana, aka yi sallama a ƙofar gidanmu. Awazi ce, a bayanta kuma Kaka, da sanda, ƙafafunta duk jar laka. An ce ta fi shekara goma ba ta sauko daga dutse ba. A hannunta akwai sabon gora, babu komai a ciki. Inna ta shimfiɗa mata tabarma, aka kira Baba.

Bayan gaisuwa ta faɗi abin da ya kawo ta. Ruwan ranar nan da muka sauko ya ɓalle katangar gonarta ta sama, ita kuma ta faɗa kan ta ƙasa, haka har ƙarshe. Ƙasar da geron da komai suka gangara kwari. Wannan ne rurin da muka ji. Ba ta damu sosai ba, in ji ta, tunda ta san rabi yana Lafiya. Ta ƙirga kwanaki, ta san yanzu an yanka. Ta jira a kawo, ba a kawo ba, ɗanta kuma in ta aika sai ya yi ta kwana-kwana. Shi ne ta zo da kanta.

"Ba da yawa ba, Malam. Cikin gora ɗaya ya isa."

Baba ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Na san irin maganar da zai yi, mai ladabi, wadda a ƙarƙashinta akwai zargi. Awazi tana tsaye a jikin bango, idonta a kaina.

"Baba," na ce. Muryata ta fito 'yar ƙarama. "Irin lafiyarsa lau ta ba ni. Ni na buɗe shi a hanya."

Na faɗi duka, murfin biro, faɗuwar, ruwan da na tsiyaye, kwana shidan. Ba wanda ya katse ni. Inna ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta. Baba ya tashi ya zura takalmansa, ko hula bai ɗauka ba, ya fita. Daga baya na ji gidan Baba Akolo ya nufa. Bai taɓa yi mini faɗa a kan maganar ba har ya bar duniya, na kuwa so a ce ya yi.

Kaka ta juya goran da ke cinyarta, ta sake juya shi.

"Ko ɗaya bai rage ba?"

"Ko ɗaya, Kaka."

Kaji suna tono a tsakar gida, ruwa na ɗiga daga bakin rufi cikin bokiti. Na jira ta zage ni, ko ta tofa mini wani abu da yarenta. Sai ta yafito ni da hannu. Na matso na durƙusa a gabanta.

"Da ka buɗe, ka gan shi da kyau?"

"Na gan shi."

"Idona ya yi shekara uku ba ya ganin ƙwaya, da hannu nake sanin shi. Faɗa mini yadda yake."

Na faɗa mata. Ƙanana, ja mai duhu kamar garwashin da ya kusa mutuwa, da ɗan farin ɗigo a gindi. Ta lumshe ido tana gyaɗa kai.

"Shi ne," ta ce. "Haka yake a hannun uwana."

Ta dafa kafaɗata ta miƙe. Inna ta roƙe ta ta kwana, ta ƙi. Inna ta ce a zuba mata ko ɗan alabo ne a goran, Kaka ta ce a bar wa yara. Awazi ta riƙe mata hannu suka fita. Na bi su har bakin titi, taku biyu a bayansu, ba wadda ta ce in koma, ba wadda ta juyo.